Babi na Bakwai: Allo, Majigi da Ƙurar Abare

Agwagi ne suka fara ɓacewa. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum, can yammacin Zamfara, mutane sun lura agwagin da suka saba gani suna yawo a gari sun yi ƙaranci. Ba wanda ya tsaya tambaya, kowa na fama da abin da ke gabansa. Daga nan sai ciwo ya faɗa wa yara ƙanana: amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga, sai a wayi gari ana haƙa ɗan ƙaramin kabari. Bazara ce, lokacin sanƙarau, kuma ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan wannan cuta su ne suka ci karo da lamarin a watan Maris. Aka ba yaran maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba su na kashe ƙwayoyin cuta, ciwo ko gezau. Sai hankali ya koma kan ƙarar da ke tashi daga cikin gidaje. Injin niƙa na ruri, turmi na amsawa, amma abin da ake niƙawa dutse ne, dutsen zinariya. Aka ɗebi jinin wasu yara aka aika Turai. Amsar da ta dawo kalma ɗaya ce: dalma.

Mai karatu, da gangan na riƙe wannan kalma har ƙarshen sakin layi. Da na so, da na buɗe da cewa gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a Abare da Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu, in ɗora sauran bayani a kai. Gaskiya ce duka biyun. Amma a jerin da na bi, ka taka sawun likitocin nan, ka yi zaton da suka yi, ka ga zaton ya rushe, har lokacin da amsa ta zo ka riga ka share mata wuri a zuciyarka. Wannan babi a kan haka yake: yadda mai gabatar da jawabi da majigi ke buɗe abin da ke shafinsa kaɗan-kaɗan, da lokacin da yin haka ke taimakon mai sauraro, da lokacin da yake zama cin fuska.

Daga allo zuwa bango

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ilimi loma-loma ake cinsa. A makarantar allo ba a miƙa wa ƙolo izu guda ranar farko. Babbaƙu zai fara, haruffa tsirara ba wasali. In sun zauna a kai shi farfaru. Malam na rubuta masa gwargwadon abin da kansa zai ɗauka, ya biya masa, yaro ya yi ta nanatawa, sai ya riƙe sannan a ce ya je ya wanke a ƙara masa. Girman allon kansa ya iyakance darasi. Ka riƙe abu biyu daga nan, za mu dawo kansu: malam ne ke auna loma, kuma ba a wanke allo sai karatu ya shiga kai.

Kalmar majigi kuwa tun zamanin Turawa ta shigo bakinmu, daga sunan da suke kiran wata fitila mai haska hoto a bango. Motocin gwamnati kan shiga gari da almuru, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim kan tsafta ko noman auduga, mai fassara na tsaye yana bayani da Hausa. Wani jami'in lafiya mai suna William Sellers, wanda ya fara irin wannan aiki a Legas kafin ya shugabanci sashen fina-finan mulkin mallaka a 1939, ya kafa ƙa'idar cewa a riƙa nuna wa 'yan Afirka abu sannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin ƙa'idar tasa akwai raini, domin a ganinsa kanmu ba ya ɗaukar abu biyu a lokaci guda. Ke nan tun asali, nuni kaɗan-kaɗan yana da fuska biyu, ta malamin da ke tausayin ɗalibi da ta baƙon da ya raina jama'a.

Waɗanda suka yi jami'a kafin kwamfuta ta yawaita za su tuna wani akwati mai fitila da gilashi a kansa. Malami kan ɗora farar leda da ya yi rubutu a kai, ya rufe ta da takarda, ya riƙa jan takardar ƙasa layi-layi. Da PowerPoint ya fito a 1987, shekarar da Microsoft ya sayi kamfanin da ya ƙera shi a kan dala miliyan 14, sai maɓalli ya karɓi aikin takardar. Daga baya rubutu ya koyi tsalle da juyi da shigowa ta gefe kamar ɗan kama.

Masu lissafi da kimiyya suna da tasu hanyar. Tun 1977 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya fara ƙera TeX saboda bai gamsu da yadda maɗaba'a ke tsara alamomin lissafi a littafinsa ba, Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kai don sauƙaƙa aiki. A wannan tsari ba ka jan kalma da hannu ka ajiye inda kake so. Rubutu kake yi tare da umarni, manhaja ta jera maka shafi kamar yadda mai jera haruffan maɗaba'a ke yi. A 2003 wani Bajamushe, Till Tantau, yana shirin kare digirinsa na uku a Balin, ya rubuta wa kansa ƙarin da zai fitar da shafukan majigi daga LaTeX. Ya sa masa suna Beamer, wato sunan da Jamusawa ke kiran majigi. Yau in ka shiga taron ƙara wa juna sani a sashen lissafi ko kimiyyar kwamfuta, a Zariya ne ko Kano ko Sakkwato, da wuya ka rasa mai amfani da shi.

Yadda dabarar take

Sirrin Beamer ba shi da zurfi, kuma sauƙinsa shi ne ƙarfinsa. A buɗewa kaɗan-kaɗan babu abin da ke motsi. Abin da yake fitarwa takardar PDF ce kawai. In ka rubuta shafi guda mai layi huɗu ka ce a buɗe su ɗaya-ɗaya, manhajar za ta buga shafin sau huɗu: na farko da layi ɗaya, na biyu da biyu, har na huɗu. Tun da komai na zaune daidai wurinsa a kowane bugu, in ka danna maɓalli sai ido ya ga kamar sabon layi ne ya ɓullo. Shi ya sa jawabin da aka tsara da shi ke buɗuwa a kowace kwamfuta, har a waya, ba tare da rubutu ya wargaje ba. Wanda ya taɓa aron kwamfutar wani minti biyar kafin jawabi ya san darajar wannan.

Umarni mafi sauƙi shi ne \pause. Duk inda ka sa shi, shafi zai dakata nan sai ka danna. In kana son iko fiye da haka, sai ka sa lamba tsakanin alamomi biyu masu kusurwa. Layin da aka rubuta wa <2-> zai fito a mataki na biyu ya zauna har ƙarshe. Wanda aka rubuta wa <3> zai leƙo a mataki na uku kaɗai ya koma. Akwai \alert, mai rina kalma ja a matakin da ka zaɓa, don ido ya san inda zai sauka.

Sai umarni biyu masu kama da juna da ke rikita sabon shiga. Ɗaya \uncover, ɗaya \only. Na farko yana ɓoye abu amma ya tanadar masa wuri, kamar tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙon da bai iso ba: in ya zo ya zauna, ba wanda zai gusa. Na biyu kuwa wankin allo ne, abin da ba lokacinsa ba babu shi sam, ko wurinsa babu. Saboda haka in ka yi sakaci da shi, sai ka ga rubutun da ke ƙasa yana hawa yana sauka duk dannawa, idon jama'a ya bar maganarka ya koma bin rawar shafi. Maganin haka shi ne ka keɓe fili mai tsayayyen girma, abubuwa su riƙa musanya a cikinsa. Akwai kuma zaɓi na uku da na fi ƙauna: a sa abin da bai zo ba ya bayyana dishi-dishi, kamar tawadar da aka wanke ta bar gurbi. Mai sauraro na ganin sauran tafiya nawa ce, amma hankalinsa na kan layin da ya yi baƙi.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin tuntuɓe guda. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan ɓace ko su tsayar da aikin a tsohon injin LaTeX. In ka juya zuwa XeLaTeX ko LuaLaTeX, ka zaɓi salon haruffa irin Charis SIL ko Gentium, za su fito cas. Kada ka yarda ƙura ta koma kura a bangon taro.

Wannan duka ana koyonsa cikin yini ɗaya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda za a dakata.

Dannawa arba'in

Wata shekara na zauna a taron da ɗalibai ke gwada jawabinsu kafin ranar kare bincike. Wata ɗaliba 'yar ƙasar Anka ta yi aikinta a kan dalma a ƙasar tsakar gida. A gwajin farko ta zuba komai a shafi guda: taswira, jadawali, hotuna uku, layi goma sha biyu. Tana magana kan layin farko, jama'a sun kai na tara. Aka ba ta shawara ta riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Ta koma ta gano \pause, ta yi murna da shi irin murnar yaro da sabuwar wuƙa. A gwaji na biyu ba layin da bai sha ba. Sunanta ma sai da ta danna ya fito, sunan sashe wani dannawar. Da ta iso jadawalin sakamako tana buɗe shi gida-gida, wani dattijon malami da ke gaba ya cire tabarau ya ce, “'Yata, don Allah buɗe mana duka. Lefe ake nuna mana ne?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, cewa aka yi kada in cika shafi.”

Ya ce, “An ce kada ki shaƙe mu. Ba a ce ki ja mana rai ba.”

Dariya aka yi, amma maganar lefen nan ta zauna mini. Mai buɗe lefe tana ɗaga zane ɗaya-ɗaya ne don a yi guɗa, don ido ya tsaya a kanta da kayanta. Jan rai shi ne manufa. Malamin allo kuwa yana rage loma ne don ta haɗiyu. Hannu iri ɗaya suke motsawa, niyya ce ta raba su. Shi kansa Tantau, a jagorar da ya rubuta wa Beamer, ya gargaɗi mutane kada su riƙa buɗe jerin bayanai gutsure-gutsure, kuma kada su yi ado da motsi don jan hankali kawai. Maƙerin wuƙa ne ke cewa a yi hattara da kaifinta.

To yaushe ya dace? Mu koma Abare mu gina shafi guda tare.

Sarƙar ƙura

A ce an gayyace ka Gusau ka yi wa sababbin ma'aikatan lafiya bayanin yadda dalma ta tashi daga rami ta shiga jinin yaro ɗan shekara biyu da bai taɓa zuwa wurin haƙa ba. Wannan labari sarƙa ce, kowane zobe na riƙe da na bayansa, kuma irinsa aka yi buɗewa mataki-mataki dominsa.

Mataki na farko, hoton rami da buhu. Farashin zinariya ya yi ta hawa bayan rikicin kuɗi na 2008, har ya haura dala 1,200 kowane oza a 2010. Manomin da damina kaɗai ke ba shi abin hannu ya ga dutse ya fi gero kawo kuɗi. Sai aka yi rashin sa'a, jijiyar dutsen da aka faɗa wa tana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ka tsaya nan har jama'a su gane cewa neman halali ne ya kai mutane, don kada su shiga sauran bayanin da zargi a zuci.

Ka danna. Kibiya ta fito daga buhu zuwa cikin gida. Me ya sa gida? Domin can dukiya ta fi tsaro, can turmi yake, can matan da ba sa fita za su sa hannu su samu nasu. A binciken da jami'an hukumar CDC ta Amurka da takwarorinsu na Najeriya suka yi a Dareta da 'Yargalma, kusan gida biyu cikin uku ana sarrafa dutsen a cikinsa.

Ka danna. Guduma, turmi, injin niƙa. Dutse ya zama gari, a bushe ake niƙa shi, gari ya zama ƙura. Ka danna. Ƙura ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a kan hatsin da aka shanya, a bakin rijiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka a lokacin ta sa iyakar dalma a ƙasar da yara ke wasa a kan kashi 400 cikin miliyan. An samu wurare a waɗannan ƙauyuka da suka haura 100,000.

Kafin dannawa ta ƙarshe, ka yi shiru ka tambayi zauren: wa ya fi kowa kusa da ƙasa a gidan nan? Za su ba ka amsa da kansu. Mai rarrafe, mai tsotsar yatsa, mai ɗaukar abin da ya faɗi ya kai baki. Jikin yaro na zuƙar dalmar da ya haɗiya fiye da na babba nesa ba kusa ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana cikin ginuwa. Sai ka danna, hoton hannun yaro ya fito. Abin da ya bayyana a bango tabbaci ne na abin da suka riga suka gano, kuma abin da mutum ya gano da kansa ba ya saurin mantawa.

Lura da abu biyu a ginin wannan shafi. Dannawa huɗu ce, kowacce na daidai da dalili guda, ba da layi guda ba. Kuma ba a wanke komai ba. Rami na nan, buhu na nan, turmi na nan har ƙarshe, sai dai sabon zobe ne ke yin ja. Aikin \uncover ke nan. Da ka yi amfani da \only, kowane hoto ya kori na gabansa, da jama'a sun tashi da hotuna biyar a warwatse ba sarƙa. Allon makaranta ana wanke shi ne saboda ɗalibi ya yi kwanaki yana nanatawa. Mai sauraronka daƙiƙa talatin ya samu.

Inda ɓoyewa ke zama laifi

Shafi na gaba lambobi ne, kuma nan ƙa'ida ke juyewa. A Dareta da 'Yargalma, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai ko sun wuce 45 a ma'aunin da likitoci ke auna dalma a jini, matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. A lokacin 10 ce lambar da ake ɗauka abin damuwa. Ƙaramar na'urar gwajin da aka shiga ƙauyuka da ita tana tsayawa ne a 65, yara da yawa kuwa sun zarce abin da take iya karantawa.

Lambobin nan uku, 10 da 45 da 65, ba su da ma'ana sai suna gefen juna. In ka nuna ɗaya ka ɓoye sauran, ka tilasta wa mai sauraro ya riƙe lamba a ka yana jiran ta biyu, alhali bango na iya riƙe masa. Ido ya fi kunne iya kwatance, in dai an ba shi abin duka. Mai sayen shanu a kara ba ya yarda a fito masa da sa ɗaya-ɗaya daga bayan danga, so yake ya gan su a jere. Jadawali, taswirar da ke kwatanta ƙauye da ƙauye, hoton kafin da na bayan aiki, duk a buɗe su lokaci ɗaya. In kana son jan ido, ka rina gida guda ja, ka bar sauran a fili.

Akwai ɓoyewar da ta fi wannan muni, wadda ba ta ma buƙatar maɓalli. A ranar 16 ga Janairu 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tashi, wani ɓallin soso ya ɓalle daga tankinsa ya bugi fiffiken hagu. Yana can sama injiniyoyi suka gabatar wa manyan hukumar NASA bayani da majigi. Kan wani shafi ya fito da manyan haruffa masu kwantar da hankali. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka ambata cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka taɓa gwadawa sau ɗaruruwa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka mutu. Edward Tufte, masanin tsara bayanai, ya warware wannan shafi layi-layi, kwamitin bincike ma ya soki yadda shafukan majigi suka maye gurbin cikakken rahoto a hukumar. Darasin ya shafe mu kai tsaye. Duk mai tsara shafi yana yanke hukuncin abin da za a gani da fari da abin da za a gani a ƙarshe, kuma abin da aka ajiye wa ƙarshe sau da yawa ba a kai gare shi. Shugaban taro zai duba agogo, kwamishina zai tashi zuwa wani zama, wuta za ta ɗauke.

Saboda haka ka san wanda ke gabanka. Ga ɗalibai, bi sawun agwagi har zuwa dalma, domin so kake su koyi yadda ake bin sawu. Ga mai riƙe da alƙalamin sakin kuɗi, shafin farko ya faɗi abin da ake nema da abin da jinkiri zai jawo, dalilai su biyo baya. Ga uwar da ɗanta ke kwance, ba a jan rai ko na daƙiƙa ɗaya.

Jerin da ba a juyawa

Aikin ceton da aka yi a ƙasar Anka da Bukkuyum shi kansa darasi ne kan jeri. Maganin da ake ba yara yana kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma in yaro ya koma ya zauna a ƙasar da ta sa masa ciwo, an yi aikin baban giwa. Dole a fara da gida. Kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, tare da gwamnatin jiha da mutanen gari, suka riƙa kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo sabuwa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, kafin damina ta tsayar da aiki. Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru suka biyo baya, aka kammala a farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jira. Likitoci na nan, magani na nan, amma ba a iya farawa ba sai da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin share garin a farkon 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da matasa irin su Hamzat Lawal.

In za ka nuna wannan a majigi, mataki uku ne: a fitar da niƙa daga gari, a share ƙasa, a ba da magani. Buɗe su ɗaya-ɗaya ya halatta, domin jerin shi ne saƙon. Amma ga gwajin da nake ba ɗalibaina su yi wa kowane \pause kafin su bar shi a shafi. Ka juya jerin a zuciyarka, na ƙarshe ya dawo farko. In magana ta lalace, dakatawar na da aiki, bar ta. In ba abin da ya canza, kamar jerin sunayen ƙauyuka ko manufofin bincike, goge ta, ka buɗe duka. Ɗalibar nan 'yar ƙasar Anka da ta yi wannan gwaji, dannawarta arba'in ta dawo tara.

Saura abu guda, kuma shi ne wanda ake mantawa. Jawabi na ƙarewa, mutane su nemi a tura musu ta waya. In ka tura fayil ɗin da ka haska, wanda shafinsa guda ya hayayyafa ya zama biyar, mai karɓa zai yi ta shafa waya yana ganin abu ɗaya na maimaituwa, ga cin data. Beamer na da zaɓi mai suna handout: kalma ɗaya za ka ƙara a layin farko, duk matakai su haɗe, kowane shafi ya fito cikakke sau ɗaya. Shi za ka tura, shi za ka buga a takarda ka riƙe a aljihu saboda ranar da janareta zai ƙi tashi. Dakatawa ta mai magana ce, tana da rai ne muddin kana tsaye kana kallon fuskokin jama'a kana auna ko lomar ta wuce. Mai karatu shi kaɗai a ɗakinsa shi ke auna wa kansa.

Kuma in aiki ya kai ka zauren mai gari a ƙauye irin Abare, inda babu bangon haskawa balle wuta, shafukan nan biyar na sarƙar ƙura ba su tashi a banza ba. Ka buga su manya a takarda mai kauri. Ka ajiye na rami a kan tabarma, ka yi magana. Ka ajiye na buhu kusa da shi, sai na turmi, sai na tsakar gida, kowanne ya zauna a gefen ɗan'uwansa inda kowa ke gani. Na biyar ɗin ka riƙe shi a kife a hannunka, ka tambayi dattawa wa ya fi kusa da ƙasa. A garin da ya haƙa waɗancan ƙananan kaburbura, ba za ka jira amsa ba, kuma wataƙila ba sai ka juya takardar ba.